Imamu Gazali, Malamin da Ya Tuhumi Kansa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malamai a ƙasar Hausa ya ji sunan Imamu Gazali, ko da bai karanta littafinsa ko ɗaya ba. Masu wa'azi suna ambatonsa, masu neman ilmi suna riƙe littafinsa Ihya'u Ulumiddini kamar yadda a ke riƙe ƙwai, ana kuma yi masa laƙabi da Hujjatul Islam. Amma kaɗan ne suka san halin da mai littafin ya shiga kafin ya rubuta shi. Sai da ya ajiye aiki mafi girma da malami ke iya samu a zamaninsa, ya rabar da dukiyarsa, ya shiga duniya kamar baƙon almajiri. Ba wanda ya kore shi, ba kuwa wanda ya kai ƙararsa. Shi ne ya zauna ya binciki zuciyarsa kamar yadda alƙali ke binciken wanda a ke tuhuma, abin da ya tarar a ciki kuwa ya tsorata shi.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a shekara ta 450 daga Hijira, watau 1058 ta Miladiyya, a wani gari wai shi Ɗus, cikin lardin Hurasan na ƙasar Farisa. Kufan garin yana nan kusa da birnin Mashhad, cikin ƙasar da a ke kira Iran yau. Masu tarihi sun ce ubansa talaka ne mai sana'ar kaɗin ulu, mai son zama wurin malamai. Da ya ji ajali ya matso, sai ya danƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, ga wani abokinsa sufi, ya haɗa masa da ɗan abin da ya tara. Ba a daɗe ba kuɗin suka ƙare, mai riƙon kuwa ba shi da ko anini. Ya ba su shawara su shiga irin makarantar da a ke ciyar da ɗalibai, ko sa sami abin sawa a baka. Ashe ke nan ciki ne ya fara kai Gazali ga babban karatu.

Ya fara fiƙihu a garinsu, sa'an nan ya wuce Jurjan. Akwai wani labari da a ke bayarwa game da komowarsa daga can. Wai 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome, har da jakar takardun da ya rubuta karatunsa a ciki. Yaro ya bi su yana roƙon shugabansu ya mayar masa da jakar kaɗai, domin saboda abin da ke cikinta ya bar gida. Shugaban 'yan fashi ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan, da in an ƙwace jaka sai mai ita ya koma jahili. Ya jefa masa abinsa. Gazali ya koma Ɗus ya shekara uku yana haddace abin da ke cikin takardun nan. Wannan ita ce tuhuma ta farko da aka yi wa ilminsa, ɗan fashi ne kuwa ya yi ta.

Daga nan ya tafi birnin Naisabur wajen babban malamin zamanin, Imamul Haramaini Juwaini. A hannunsa ya ƙware a fiƙihun mazhabar Shafi'i, da ilmin tauhidi na hujjojin hankali, da dabarun jayayya. Da malamin ya rasu a 478, watau 1085, sai ya nufi fadar Nizamul Mulki, wazirin Sarki Maliku Shah. A lokacin nan Halifa yana Bagadaza, ana ambaton sunansa a huɗuba, amma takobi yana hannun Turkawan Saljuƙ, alƙalami kuwa yana hannun wannan waziri. Shi ya gina makarantun da a ke kira Nizamiyya a manyan birane, ya yi musu waƙafi, ya yanka wa malamansu albashi. Ya kan tara malamai a majalisarsa su yi muhawara. Gazali ya shiga fage, ya kayar da manya da ƙanana. A shekara ta 484, watau 1091, waziri ya naɗa shi malamin Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 34. Ɗalibai 300 su ke zama gabansa, fadar Halifa kuwa a buɗe ta ke gare shi.

Ba kuwa mai sauƙin kai ba ne a shekarun nan. Wani malami na zamaninsa wanda ya san shi ido da ido, Abdul Gafir Alfarisi, ya rubuta cewa yana da ji da kai da raina mutane, saboda baiwar da Allah ya yi masa ta kaifin hankali da iya magana.

Abin da ya faru a cikin zuciyarsa shi da kansa ya ba da labarinsa, cikin wani ɗan littafi da ya rubuta bayan ya wuce shekara 50, mai suna Almunƙizu minal Dalali, watau mai kuɓutarwa daga ɓata. Tun yana saurayi yana da ƙishirwar sanin ainihin abubuwa. Ya lura 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, kowa yana riƙe da abin da ya gada, kowa yana ganin nasa ne daidai. To, ta yaya mutum zai rarrabe abin da ya sani da abin da aka zuba masa kawai tun yana ƙarami? Tambaya ce mai hatsari, shi ma ya san haka, domin ya kwatanta bin na gaba ba hujja da gilashi, in ya fashe ba ya ɗinkuwa, sai dai a narke shi a sāke ƙera wani.

Sai ya ajiye wa kansa ma'auni. Ba zai kira abu ilmi ba sai wanda shakka ba ta iya kusantarsa, kamar sanin cewa goma ta fi uku. Ko da wani zai mai da sanda maciji a gabansa don ya tabbatar uku ta fi goma, zai yi mamakin dabararsa ne kawai, ba zai canja lissafi ba. Da ya auna abin da ke kansa da wannan ma'auni, sai ya ga duk tarin karatunsa ya zube, ba abin da ya saura sai biyu: abin da ido da kunne ke shaida masa, da abin da hankali ke yanke hukunci a kai. Ya fara da ido. Ido ya kan dubi inuwa ya ce tsaye ta ke, amma in an jima a ga ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya ta ke kaɗan kaɗan. Ido ya kan dubi tauraro ya ce bai fi dinari ba, masu lissafi kuwa sun nuna ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata ido. To, wa ya sani ko bayan hankali akwai wani alƙali wanda in ya bayyana zai ƙaryata hankali kamar yadda hankali ya ƙaryata ido? Mai mafarki yana gaskata duk abin da ya ke gani, sai ya farka ya san ba kome ba ne. Me zai hana zaman duniya duka ya zama barci, farkawa tana gaba?

Ya rasa amsa, domin kowace hujja da hankali a ke kafa ta, hankalin kuwa shi ne a gaban shari'a. Wajen wata biyu yana cikin wannan ciwo, a baki yana nan yadda a ka san shi, a zuci kuwa ba abin da ya tabbata. Daga baya ya warke, ya koma yarda da hankali, amma ya ce ba da jera hujjoji ya warke ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Wannan magana tana da nauyi, tun da ta fito daga bakin mutumin da ya ƙware a fagen hujja.

Da ya sami kansa, sai ya duba masu neman gaskiya na zamaninsa ya ga ƙungiya huɗu ce, ya ce in gaskiya ba ta wajen ɗayarsu, to, ba sauran fata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Malaman tauhidi masu jayayya bai daɗe a kansu ba, domin shi ma ɗayansu ne. Ya ga aikinsu gadi ne, suna tsare aƙida daga masu bidi'a, aiki mai kyau, amma gadi ba ya warkar da marar lafiya.

Masu falsafa, watau masu bin hikimar Yunanawa irin su Farabi da Ibnu Sina, su suka ci masa lokaci. Ya ga malaman da suka riga shi suna zaginsu ba tare da sun fahimce su ba, ya ce wannan jifa ne cikin duhu. Ya zauna shi kaɗai ba malami, a 'yan sa'o'in da koyarwa ta rage masa, ya karanta littattafansu cikin abin da bai cika shekara biyu ba, ya ƙara kusan shekara yana juya su a zuci. Ya fara rubuta littafi yana bayyana ra'ayinsu yadda ya ke, sa'an nan ya rubuta Tahafutul Falasifa yana rushe shi a mas'ala 20. A uku daga ciki ya kafirta su: cewarsu duniya ba ta da farko, da cewarsu Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musunsu tashin jiki ranar ƙiyama. Amma ya yi adalci, abin da ba kowane mai raddi ke yi ba. Ya ce lissafi da manɗiƙi ba ruwansu da kafirci. Wanda ya tashi yana musun lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini, cutar addini ya ke yi, gama wanda ya san lissafin nan ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya yi shakkar addinin.

Ƙungiya ta uku su ne Baɗiniyya, masu cewa hankali ba abin dogara ba ne, sai an bi wani imami wanda ba ya kuskure. Waɗannan ba a takarda kaɗai su ke faɗa ba. A watan Ramalan na 485, watau 1092, wani mutum ya soke Nizamul Mulki da wuƙa a kan hanya, aka ɗora alhakin a kansu. Bayan 'yan makonni Sarki Maliku Shah ya mutu, 'ya'yansa da danginsa suka shiga yaƙin gadon sarauta. Halifa Mustazhir ya umurci Gazali ya yi musu raddi, ya yi. Hukuncinsa a kansu gajere ne: sun ce a zo a koya wajen imami, da aka tambaye su abin da suka koya, ba a sami kome ba.

Saura sufaye. Ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalib Almakki, da littattafan Harisu Almuhasibi, da maganganun da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazid. Cikin ɗan lokaci ya san duk abin da a ke iya sani ta hanyar karatu. A nan ne ya yi karo da abin da kaifin hankalinsa bai iya tsallakewa ba. Ya gane mutanen nan abinsu ba na faɗa ba ne, na ɗanɗano ne da canjin hali. Likita marar lafiya ya san ma'anar lafiya da dukan magunguna, amma yana kwance. Haka wanda ya san ma'anar gudun duniya da sharuɗɗansa, in zuciyarsa tana manne da duniya. Kamar mutum ne ya haddace sunan kowane zango daga Kano zuwa Makka, yana gaya wa maniyyata inda rijiya ta ke da inda 'yan fashi su ke, shi kuwa ko ƙofar gari bai taɓa fita ba.

Sai ya juya fitilar a kan kansa. Ya dubi ayyukansa, mafi kyaunsu koyarwa ne, ya ga yawancin abin da ya ke koyarwa ba ya amfanin mai tafiya lahira. Ya dubi niyyarsa a cikin koyarwar, ya ga ba domin Allah ba ce tsantsa, abin da ke tura shi son girma ne da yaɗuwar suna. Binciken littattafan Yunanawa ya ɗauke shi shekara uku, bai rama ba, bai fasa cin abinci ba. Wannan bincike na biyu shi ya kwantar da shi. Ya ga kansa a bakin rami, in bai yi sauri ba wuta zai faɗa.

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami ya san abin da ya biyo baya. Yau ya ƙulla niyyar barin Bagadaza, gobe ya kwance. Da safe son lahira ya yi ƙarfi, kafin yamma sha'awar duniya ta watsa shi. Imani yana ce masa ya tashi, kwana ya ƙare, tafiya da nisa. Shaiɗan kuwa yana ce masa wannan hali ne mai wucewa, in ya saki wannan babban matsayi da babu mai jayayya da shi a kai, wata rana ransa zai so shi, ba kuwa zai sāke samu ba. Tun daga watan Rajab na 488, watau Yuli 1095, ya yi kusan wata shida ana ja da shi gaba da baya. Daga ƙarshe al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure. Ya kan yi ƙoƙari ya fito ya koyar ko na yini ɗaya don ya faranta wa ɗalibai rai, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci, ko romo ba ya wucewa, ƙarfinsa ya ƙare. Likitoci suka duba, suka ce abin daga zuciya ya sauko ga jiki, ba magani sai in damuwar ta yaye. Da dabara ta ƙare masa ya koma ga Allah, komawar wanda ba shi da sauran mafita, Allah kuwa ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya da abokai.

Fita ma sai da dabara. Ya ce Hajji za shi, alhali ƙasar Sham ya nufa, don kada Halifa da abokansa su gane ba shi da niyyar komowa. Malaman Iraƙi suka yi ta surutu, ba wanda ya yarda addini ne ya sa shi tafiya, domin a ganinsu kujerar da ya bari ita ce ƙarshen daraja a addini. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ya ji, kuma har a zamanin baya an sami masu tarihi da suka ce wuƙar Baɗiniyya da rikicin sarauta suna cikin dalilansa. Ba mamaki tsoro ya kasance, ɗan Adam ne, ya kuma ga yadda aka yi da ubangidansa. Amma mai gudun wuƙa ba ya bukatar rabar da dukiyarsa. Na kusa kuwa, da suka ga yadda masu mulki ke roƙonsa ya zauna yana kau da kai, sai suka ce kambun baka ne ya sami Musulmi. Ya rarraba abin da ya mallaka, ya rage abin da zai ishe shi da 'ya'yansa, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa makaranta, ya fita a watan Zulƙida na 488, watau Nuwamba 1095.

A Dimashƙa ya shiga halwa. Ya kan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle ƙofa, ya yini shi kaɗai yana zikiri. An ba da labari wai wata rana ya shiga wata makaranta a birnin, ya ji malami yana kafa hujja da maganar Gazali, bai san ga mai maganar a tsaye ba. Ya ji daɗin abin ya fara shigarsa, sai ya bar garin. Ya tafi Baitil Muƙaddas, can ma ya kan shiga ƙubbar da aka gina bisa Dutsen nan ya rufe kansa. Ya wuce garin Halilu, a wajen kabarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ɗauki alkawari uku: ba zai sāke zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sāke shiga muhawara ba. Duk wanda ya dubi ukun nan ya ga su ne tsanin da ya taka ya hau. Ya yi Hajji a 489, watau 1096, ya ziyarci Madina. Tafiyar duka ba ta cika shekara biyu ba. A 490 ya biyo ta Bagadaza, ya sauka a masaukin sufaye maimakon gidan malamin Nizamiyya, daga nan ya wuce Ɗus.

Kukan 'ya'yansa ne ya jawo shi gida, bai kuwa ɓoye ba cewa hidimar iyali da neman abinci da al'amuran zamani sun riƙa gurɓata masa halwa, zuciya ba ta yi masa sarai sai jefi jefi. In abu ya ɗauke shi, ya sāke komowa. Haka ya yi wajen shekara goma. Game da abin da aka buɗe masa a cikin shekarun nan ya taƙaita magana ƙwarai. Ya ce ya tabbata sufaye su ne masu tafiya a hanyar Allah, farkon hanyar wanke zuciya daga duk abin da ba Allah ba, mabuɗinta nutsewa cikin ambatonsa. Abin da ke gaba harshe ba ya iya ɗaukarsa, duk wanda ya gwada faɗa sai ya yi kuskure. Ya gargaɗi masu cewa sun zama ɗaya da Allah, ko Allah ya sauka cikinsu, ya ce wannan ɓata ne. Bai kuma yarda wani ya ce ya kai matsayin da salla ta faɗi a kansa ba.

A cikin shekarun nan ya rubuta Ihya'u Ulumiddini, watau rayar da ilmomin addini. Ya kasa shi kashi huɗu, kowane kashi littafi goma, duka 40: ibada, da al'amuran zaman yau da kullum kamar ci da aure da kasuwanci, da halaye masu halakarwa, da halaye masu tsirarwa. Wanda ya san tarihin mai shi zai ga inda alƙalaminsa ya fi kaifi shi ne wajen maganar malaman duniya, da riya, da son girma, da cututtukan muhawara, irin su hassada da ƙin gaskiya in ta fito daga bakin abokin jayayya. Ba labari ya ji ba.

Littafin bai sami karɓuwa ko'ina nan da nan ba. A birnin Ƙurɗuba na Andalus aka tara shi aka ƙone a 503, watau 1109, mai shi yana da rai. Malaman hadisi kuma sun yi masa suka mai tushe, domin akwai hadisai masu rauni da yawa a ciki, har daga baya Hafizu Iraƙi ya bi su ɗaya ɗaya yana bayyana matsayinsu. Duk da haka littafin ya bi duniya. Shehu Murtala Zabidi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1791, ya yi masa babban sharhi. Wannan Zabidi kuwa shi ne wanda Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya sadu da shi a Masar ya karɓi ijaza a hannunsa.

Da labarin ya tsaya a halwa, da sai a ce mutum ne ya gaji da jama'a ya gudu. A watan Zulƙida na 499, watau Yuli 1106, bayan shekara 11 da barin Bagadaza, ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Waziri Faharul Mulki, ɗan tsohon ubangidansa, shi ya matsa masa lamba. Shi ma ya dubi yadda imani ya yi sanyi a zukatan mutane, ya ga likita ba shi da uzurin ɓuya sa'ad da annoba ta game gari. Ya yi shawara da masu tsarkin zuciya, suka ce ya fito, suka tuna masa ga sabon ƙarni ya zo, a kan kowane ƙarni kuwa an yi alkawarin mai sabunta addini. Masu neman abin faɗa suka samu, suka ce ga mai gudun sarakuna ya koma makarantar sarakuna. Amsarsa ita ce komawa a ke ce wa komawa ga abin da aka bari, shi kuwa a dā ilmin da a ke samun girma da shi ya ke yaɗawa, yanzu ilmin da a ke barin girma da shi. Bai ce ya kai ba. Ya ce wannan ce niyyarsa, yana neman gyaran kansa da na waninsa, bai kuwa sani ba ko zai cim ma burinsa ko ajali zai riga shi.

Abdul Gafir, wanda ya san halinsa na dā, ya ce da farko bai yarda ba, ya zaci shiga ce kawai ya yi. Ya riƙa kai masa ziyara yana lura da shi, har ya tabbata mutumin ya warke daga abin da ke damunsa. Shaidar wanda ya zo da shakka ta fi ta masoyi.

Bai daɗe ƙwarai a Naisabur ba. An kashe Faharul Mulki a farkon shekara ta 500, masu hassada kuma suka kai sukarsa gaban Sarki Sanjar, har ya zama dole ya bayyana a fada ya wanke kansa, ya roƙi a bar shi ya koma gida. Ya koma Ɗus, inda ya ke da makaranta ta masu neman fiƙihu da zawiyya ta sufaye kusa da gidansa. A 504 aka aiko masa daga Bagadaza ya zo ya hau tsohuwar kujerarsa, gama mai riƙe da ita ya rasu. Ya ba da haƙuri, ya ambaci ɗalibansa da iyalinsa da alkawarin da ya ɗauka a Halilu. Ya raba lokacinsa tsakanin tilawar Alƙur'ani, da koyarwa, da zama da masu zikiri, da salla da azumi. A ƙarshen kwanansa ya zauna gaban malaman hadisi yana karatun Buhari da Muslimu kamar ɗalibi, domin ya san nan ne jarinsa ya yi ƙaranci.

Ƙanensa Ahmadu ya ba da labarin rasuwarsa. Ran Litinin da asuba, 14 ga Jimada Lahir na 505, watau Disamba 1111, ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa. Ya karɓa ya sumbace shi, ya ɗora a kan idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye sarai ya cika. Shekarunsa 55 a lissafin Hijira. Aka binne shi a Ɗabaran, cikin garin Ɗus. Bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata.